Masu Gida Sun Manta Da Mai Tsaron Gida

A gidan kallon da muke zuwa duk lokacin da muka koma gida Gammo akwai wata gardama da ba ta mutuwa. Da an tafi hutun rabin lokaci, mai gidan kallo ya fita duba man janareta, sai a ɗauko ta daga inda aka ajiye ta makon jiya: wane ne golan da ya fi kowa a tarihin ƙungiyarka? 'Yan Chelsea su rabu biyu, wasu Petr Cech, wasu Edouard Mendy saboda kofin zakarun Turai na 2021. 'Yan Manchester United su faro daga Schmeichel, su bi ta kan Van der Sar, su sauka a kan De Gea, in wani ya kuskura ya ambaci Onana a yi masa tsaki. 'Yan Arsenal kuwa har gobe ba su huce da jan katin da aka ba Lehmann a wasan ƙarshe na 2006 ba. Yaron da ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da Cech ya zo Landan zai faɗa maka cewa a kakar 2004/2005 wasa 24 ya yi ba a ci shi ba, kuma ƙwallo 15 kacal aka zura wa Chelsea a firimiyar shekarar. Gaskiya ya faɗa. Ya haddace kamar karatun allo.

A hutun ƙaramar sallar da ta wuce ana tsaka da wannan, sai wani kawunmu da ba ya cika magana, wanda ya yi shekaru yana ɗinki a Fagge kafin ya dawo gida, ya juyo daga bencin gaba ya ce, "To samari, na Pillars fa?"

Aka yi tsit. Can wani daga baya ya ce, "Afelokhai." Kawu ya ce, "Madalla, ɗana. Sai wa?" Babu wanda ya tanka. Wani shaƙiyyi ya ce ai Rabi'u Pele ma zai iya tsayawa in an matsa masa, aka kwashe da dariya, aka dawo daga hutu, kowa ya mai da ido kan talabijin kamar an sauke masa kaya.

Muna cikin waɗanda suka yi tsit ɗin, kuma muna cikin waɗanda suka yi dariyar. Shi ya sa wannan rubutu bai tsallake mu ba.

Mu ne muke cika filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata muna ihun "Sai Masu Gida". Daga nan yankinmu mutum zai tashi da hantsi ya hau motar Gwarzo ko ta Kabo, ya bi ta Rimin Gado ya shiga birni, ya kashe kuɗin da ya tara a mako guda don ya ga wasa ɗaya. Son ƙungiyar ba a bakinmu kawai yake ba. Amma a cikin mutum goma sha ɗaya da ke sa mana riga akwai ɗaya da Hausa da kanta ta raɗa wa suna mai tsaron gida, kuma shi ne muka ɗauka kamar yadda masu gida suka saba ɗaukar maigadi. Shekara za ta zagayo ba a tambayi sunan garinsu ba. Ranar da ɓarawo ya haura katanga, shi za a fara kira, kuma tambayar farko ita ce ko da haɗin bakinsa.

Abin ya samo asali tun daga filin firamare. Kowa ya tuna yadda muke raba 'yan wasa da la'asar. Gwanaye biyu su tsaya, su riƙa zaɓa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya rage a ƙarshe, ko dai ƙanen wani da aka ce a zo da shi, ko mai ƙiba, ko wanda ya yi tuntuɓe yatsa ya fashe, shi ake ce wa, "Kai je ka tsaya a gola." Mai ƙwallo bai taɓa tsayawa a gola ba, ko da kuwa ƙafafunsa biyu na hagu ne. Duwatsu biyu ne turaku, tsawon ragar kuma iya inda gardama ta tsaya. Ƙasar rani ta bushe kamar siminti, ga tsakuwa ga ƙaya, yaro in ya yi tsalle ya faɗi sai ya bar fatar gwiwar hannunsa a wurin. Wasunmu silifa suke zurawa a hannu a madadin safa. Da wannan tarbiyya muka girma, cewa raga wurin ajiye wanda ba shi da amfani ne, kuma da muka girma ba mu sauya ra'ayi ba, sai dai muka sauya filin.

Ku saurari yadda muke fassara aikin gola a bakin fili, a Gammo ne ko a Ƙofar Mata. In ya ture ƙwallo ɗaya mai wuya, sa'a ce. In ya ture uku a jere, to akwai abin da aka binne a gindin turke, sai ka ga an tura yaro a hutun rabin lokaci ya je ya tona, ko ya watsa wani ruwa a cikin ragar don ya karya abin. In aka ci shi, kwando ne, rariya ne. In kuwa aka ci shi a wasa mai muhimmanci, a minti mai muhimmanci, ya sayar. Duk ƙofofin nan huɗu mun buɗe su, wadda muka rufe ɗaya ce: cewa mutumin nan ya iya aikinsa, ya koya, ya karanta ƙafar mai bugu, ya matso taku biyu ya rage masa faɗin ragar kafin ya buga. Ɗan wasan gaba in ya ci, gwani ne. Ba mu taɓa jin an ce a je a tona ƙarƙashin takalminsa ba.

Maganar sayarwa ita ta fi ci mana rai, don mun taɓa yi wa mutum ita.

Muna da shekara goma sha biyar ko sha shida aka yi wata gasa ta ƙauyuka bayan an gama girbi. Golanmu wani yayanmu ne na unguwa, dogo, marar surutu. Shi ya ɗauko mu tun daga wasan farko. Akwai wasan da muka tsallake da bugun fenareti bayan ya kaɗe biyu. A wasan kusa da na ƙarshe, da wani gari maƙwabcinmu, ana saura kaɗan a tashi aka bugo masa wata ƙwallo ta ƙasa daga nesa, marar ƙarfi. Filin gona ce da aka share, kunyoyin ba su gama bajewa ba. Ya durƙusa zai ɗauka, ƙwallon ta daki tudun kunya ta yi tsalle ta wuce ta kan kafaɗarsa. Da idonmu muka ga tsallen. Amma kafin a kira magariba labari ya gama gari cewa an gan shi ranar kasuwa yana cin tsire da wani ɗan garin can, kuma an ga an miƙa masa wani abu. Mun ji, mun maimaita, har da ƙarin gishiri. Mutumin da aka gan su tare ɗan kawunsa ne, kowa ya san haka, amma a daren nan babu wanda ya ga dama ya tuna. Yaya bai sake sa riga ba. Bai yi faɗa da kowa ba, bai rantse ba, kawai ya daina zuwa fili. Yau kusan shekara ashirin ke nan, yana nan yana sana'arsa, in mun haɗu mu ce "Yaya, ina wuni," ya amsa da fara'a. Wanda ya ɓarar da ƙwallo biyu shi da raga a wannan wasan kuwa, har yanzu ana kiransa da laƙabin wani ɗan wasan Brazil.

Kada wani ya ce muna nufin ba a sayar da wasa a ƙasar nan. Ana yi. A watan Yulin 2013, a wasannin neman hawa rukuni da aka buga a Bauchi, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine kuma ta ci Babayaro 67 da nema, a lokaci guda, duniya ta yi ta yi mana dariya. To amma ku duba abin da wannan abin kunya ya nuna. Ƙwallo 79 ba ta shiga da yardar mutum ɗaya. Sai 'yan baya sun buɗe hanya, 'yan tsakiya sun miƙa, shugabanni sun shirya, masu busa sun kau da kai, shi ya sa da hukumar ƙwallo ta tashi hukunci ba gola kaɗai ta kora ba, har da sauran 'yan wasa da jami'ai. Mu kuwa a bakin fili mutum ɗaya muke nema, kuma mun san inda yake tsaye, rigarsa ma daban ce da ta kowa.

Ba mu kaɗai ke da wannan hali ba, in hakan zai rage wa wani zafi. A ranar 16 ga Yulin 1950 Uruguay ta ci Brazil 2 da 1 a filin Maracana ta ɗauke kofin duniya. Golan Brazil, Moacir Barbosa, ya rayu shekara hamsin bayan wannan rana yana ɗauke da laifin ƙwallo ɗaya. A 1993 ya je gaida 'yan wasan ƙasarsa a sansaninsu aka hana shi shiga, wai kada ya shafa musu rashin sa'a. Kafin ya rasu a 2000 ya sha kokawa cewa hukunci mafi tsawo a dokar Brazil shekara talatin ne, nasa kuwa ya zarce haka. Sai dai akwai bambanci tsakaninmu da su. Su sun zalunci Barbosa amma sun rubuta shi, akwai littattafai a kansa, jikokinsu sun dawo sun sake duba shari'ar. Namu zaluncin ko takarda ba ya bari.

Mu koma kan sunan nan ɗaya da ya fito a gidan kallo. An kafa Kano Pillars a 1990. Kofin firimiyar Nijeriya huɗu take da shi: 2008, 2012, 2013, 2014. Theophilus Afelokhai, ɗan asalin jihar Edo, ya yi kusan shekara goma a ƙungiyar, yana nan aka ɗauko duka huɗun, ya kuma riƙe kambun kyaftin. A cikin waɗannan shekaru ne Pillars ta yi abin da har yanzu muke tinƙaho da shi, wasa 202 na gasar a gida ba a doke ta ba, tun daga 2003 har zuwa watan Agustan 2015 da Nasarawa United ta zo ta karya tarihin da ci 2 da 1. In ana ba da wannan labari sai a ce zamanin Gambo Muhammad, zamanin Rabi'u Ali. Sun cancanta, babu mai ja. Amma rashin shan kashi aikin wa ya fi kama? Ɗan gaba yana iya yin barci minti tamanin da tara ya farka a na casa'in ya zama gwarzo. Gola in ya yi gyangyaɗi na daƙiƙa ɗaya tarihin shekara goma sha biyu ya tafi. Bayan kakar 2015 Afelokhai ya koma Enyimba ta Aba, kuma yana can ne aka kira shi Super Eagles a watan Nuwamban 2018. Mu da muka ci moriyarsa shekara da shekaru, me muka ajiye nasa? Ku tambayi matashin da ya haddace lissafin Cech ya faɗa muku wasa nawa Afelokhai ya yi ba a ci shi ba a kowace daga cikin kakannin nan huɗu.

Mun san abin da masu wayo za su ce, don sun faɗa mana a fuska. Za su ce a gasar Nijeriya ta wancan lokaci kowa zaki ne a gidansa, baƙo ba ya cin wasa, alƙalin wasa yana busa yana waigen ƙofar fita, saboda haka golan mai gida ɗan kallo ne kawai da aka ba safar hannu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma mu magoya baya muna da hannu a wannan tsoro da ake jefa wa baƙi, ba abin alfahari ba ne. To amma in haka ne, me ya sa hujjar ba ta taɓa shafar masu cin ƙwallo? Fenaretin da aka ba mu a gida muka ci, mun lissafa wa mai bugu a matsayin gwaninta. Sai in an zo kan gola ne ake tuna cewa gasar ba ta da tsabta. Kuma sauran ƙungiyoyi ma a gidajensu suke wasa, da alƙalai iri ɗaya, me ya hana su kaiwa 202?

Sannan akwai wasan da ba a gida aka yi ba, ba kuma alƙalinmu ne ya busa ba. A 2009, a gasar zakarun Afirka, Pillars ta haɗu da Al Ahly ta Masar, wadda ke riƙe da kofin a lokacin, ƙungiyar su Aboutrika. Aka yi 1 da 1 a Nijeriya, aka je Alƙahira aka yi 2 da 2, Pillars ta wuce da ƙwallayen waje, ta yi ta tafiya har wasan kusa da na ƙarshe inda Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. Wannan shi ne dare mafi girma a tarihin ƙungiyar. Duk wanda ya taɓa kallon yadda Ahly ke taso wa baƙo a gidanta in tana neman ƙwallo ɗaya ya san irin ruwan da aka yi wa ragarmu. Mun zauna da manya da yawa da ke ba da labarin wannan dare, kowa da inda ya ji shi, wani a rediyo, wani a gidan kallo. Za su ba ka labarin ƙwallayen da muka ci har da yadda aka yi murna. Ba mu taɓa samun wanda ya ba mu labarin ƙwallo ɗaya da aka hana shiga ba.

In kuna son ganin halinmu tsirara, ku jera wasannin ƙarshe biyu na kofin Aiteo. A watan Oktoban 2018 a Asaba muna gaban Enugu Rangers da ci 3 da nema, suka farke duka ukun a ƙarshen wasa, suka ɗauke kofin a bugun fenareti. A daren nan babu gidan kallon da ba a tambayi sunan golanmu ba, kuma ba don a yi masa addu'a ba. Ƙungiya ta zubar da ƙwallo uku, tsakiya ta watse, baya ta rikice, amma bakin kowa na kan mutum ɗaya. Bayan wata tara, a Yulin 2019 a filin Ahmadu Bello na Kaduna, muka tashi babu ci da Niger Tornadoes, muka ɗauki kofin da fenareti 4 da 3. Wasan da ba a ci ka ba, aka kuma raba gardama da bugun daga kai sai mai tsaron gida, ai ko sunan bugun ya isa ya nuna wa ya kamata a ɗaga sama. A gidan kallonmu hoton masu ɗaga kofi aka yi ta turawa a waya. Babu wanda ya tambayi wa ya tsaya a raga.

A kan fenareti ma rashin adalcinmu har da rashin lissafi. Faɗin raga mita 7.32 ne, tsayinta 2.44, ana bugawa daga mita 11, ƙwallon kuma tana isa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Kusan uku cikin kowane huɗu shiga suke yi, a ko'ina a duniya. Golan da ya kaɗe ɗaya ya yi abin da ba a saba ba. Mu kuwa sai mu ce mai bugu ne ya ɓarar.

Sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma wataƙila shi ya sa abin ya fi damun mu, don mun san irin wannan aiki. Wanda ke kula da na'urar da manhaja ke zaune a kanta, in komai ya tafi daidai shekara guda babu mai sanin yana ofis. Ranar da ta tsaya na minti goma, wayarsa ba ta hutawa. Bayan maganar Kawu muka ce bari mu yi abin da muka iya. Muka buɗe ɗan rumbun bayanai, kowane wasan Pillars layi ɗaya: rana, abokin karawa, fili, sakamako, waɗanda suka ci, wanda ya tsaya a raga. Muka shiga tsofaffin rahotannin intanet, muka tambayi mutane. Gurbin masu cin ƙwallo ya riƙa cika da kansa, don ko rahoto mai layi uku sai ya faɗi wanda ya ci da minti. Gurbin gola kuwa fari fat, layi bayan layi, sai fa in an ci shi ƙwallon kunya ko an ba shi kati. A Turai kamfanoni irin su Opta suna rubuta kowane bugu, daga ina aka yi shi, wace kusurwa ya nufa, har a iya lissafa ƙwallo nawa ya kamata a ce sun shiga da golan bai tare ba. Da wannan ne yaron Gammo ke kare Cech ko Alisson da hujja. Ba wai ya fi son Landan da Kano ba ne. Abin da aka rubuta aka ajiye shi ya samu a wayarsa.

Wanda ba a rubuta ba kuwa yana tafiya da masu shi. Kafin Pillars akwai Raccah Rovers ta Kano, wadda ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 1978, a shekarar da ta kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna, Pele da kansa yana cikin fili sanye da rigar baƙin. Akwai mutumin da ya tsaya a raga a ranar yana fuskantar Pele. A wata ƙasar da tuni yara sun san sunansa kamar na kakansu. Kafin nan kuma akwai Inuwa Lawal Rigogo, wanda ya tsare ragar ECN ta Legas da ta Nijeriya a shekarun 1960, wanda ake ba da labarin cewa Kwame Nkrumah ya yi masa laƙabi da kyanwa mai tashi saboda irin tsallensa. In ana jero manyan masu tsaron ragar ƙasar nan, Okala, Ogedegbe, Peter Rufai da ya rasu a Yulin 2025, Enyeama, tsofaffin 'yan jaridar Legas ba sa tsallake Rigogo. Mu da sunansa ya fi kama da namu, a gidan kallonmu ko mutum ɗaya bai taɓa jin sa ba, ban da Kawu.

Wannan sakaci yana da farashi, kuma muna biya. Kano ba ta rasa 'yan ƙwallo ba. Ta fitar da Ahmed Musa, wanda ya ci 18 a kakar 2009/2010 kafin ya tafi Turai, ta fitar da Sani Kaita, ta riƙe Rabi'u Ali shekara da shekaru. Amma ku jero sunayen da suka fi daɗewa a ragar Pillars a zamaninmu ku gani, yawancinsu daga kudu aka ɗauko su, wani ma daga Ghana. Ba laifi ba ne, sun zo sun yi mana aiki, Allah ya saka musu. Tambayar ita ce, jihar da kowace unguwa ke da fili, kowane ƙauye ke da ƙungiya, me ya sa take fitar da masu gudu da masu yanka amma take sayo masu kamawa? Ba tsawo muka rasa ba, ku zagaya kasuwar Getso ko ta Gwarzo ku ga samari. Yaron da ke da hannu da ido ne yake lura tun yana ƙarami cewa a wannan wuri babu yabo, akwai zagi, wataƙila har da ƙazafi, sai ya koma lamba tara ya zama ɗan wasa na tsaka-tsaki. A ƙananan ƙungiyoyin da muka sani a yankinmu, atisayen gola shi ne ya tsaya a yi ta dukan sa da ƙwallo har 'yan gaba su gaji. Babu mai nuna masa yadda ake faɗuwa ba a karye ba, balle yadda ake tsayawa.

Alhali aikin ya ma ƙara wuya. Tun 1992 da aka hana gola kama ƙwallon da ɗan ƙungiyarsa ya mayar masa da ƙafa, dole ya iya wasa da ƙafa kamar kowa. Yanzu daga wurinsa ake fara gina hari, kuma sabuwar doka ta ce in ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa takwas a ba abokan karawa bugun kusurwa. Mun ga abin da Stanley Nwabali ya yi wa Afirka ta Kudu a Fabrairun 2024, ya kaɗe fenareti biyu ya kai Nijeriya wasan ƙarshe na kofin Afirka. A daren nan har a Gammo an yi ta kiran sunansa. Washegari da la'asar muka bi ta filin firamare, ƙaramin cikinsu ne a tsakanin duwatsu.

Pillars ƙungiyar gwamnatin jiha ce, da kuɗin jama'a ake tafiyar da ita, saboda haka muna da bakin tambaya. A 2025 an naɗa Ahmed Musa babban manajanta, mutumin da ya zauna a ƙungiyoyin da ke da ɗakin tarihi, inda hoton tsohon gola ke rataye kusa da na mai cin ƙwallo. Takardun da ake cikawa kafin kowane wasa, masu ɗauke da sunayen 'yan wasa goma sha ɗaya, ba sa bukatar kwangilar miliyoyi kafin a ɗauki hotonsu a sa a intanet. Ɗalibai biyu da waya ɗaya sun isa. Masu shirye-shiryen wasanni a gidajen rediyon Kano, da ke iya cinye rabin awa a kan wanda Real Madrid za ta saya, za su iya ware minti goma su kira tsohon gola ɗaya ya faɗi yadda aka yi. Mutanen nan da yawansu suna raye, wasu suna cikin birnin nan, ana haɗuwa da su a ɗaurin aure.

Namu rumbun yana nan muna cikawa a hankali. Mun koma wurin Kawu da waya muka danna ɗaukar murya, ya yi mana awa ɗaya da rabi a kan wasannin da ya kalla a filin Sabon Gari, yana yi yana nuna yadda wani ke fitowa ya naushe ƙwallon kusurwa, har hularsa ta faɗi.

Akwai kuma ɗan yayarmu, shekararsa goma sha ɗaya, wanda ya ce shi gola yake so ya zama, da bakinsa, ba wanda ya tura shi. Abokansa sun riga sun sa masa suna Kwando tun kafin a ci shi. Mun sayo masa safar hannu a Kano, ta yi masa yawa kaɗan. Ranar da za mu koma bakin aiki muka biya ta wurin Yaya, muka gaisa, muka daɗe muna kewaye-kewaye a kan damina da tsadar taki. Maganar da ta kai mu, ta shekara ashirin, ta tsaya mana a wuya. Abin da ya fito shi ne, "Yaya, akwai wani yaro namu da ke son tsaron raga, ko za ka ɗan duba shi?"

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ce, "Ku turo shi bayan la'asar. Ku ce ya sa dogon wando, filin nan akwai tsakuwa."